Kada Ka Bugi Wanda Ya Faɗi

Birnin Gwari, Asabar 9 ga Oktoba

Aikin farko yau: wasa wuƙaƙe uku da barandami kafin a buɗe mayanka.

Zuwa ga ƙanena Sadisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya a Legas, kai da abokan horonka. Yaya kafaɗar nan ta hagu? Mu nan sai godiya. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi. Matarka Karima da yara lafiyarsu ƙalau.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. Yau kwana tara babu layin waya a garin nan, an yanke shi saboda mutanen daji. Nababa direba ne ya ba ni shawara in rubuta. Idan ya bi ayarin da sojoji ke rakawa ya isa Kaduna, sai ya ɗauki hoton takardar ya tura maka ta WhatsApp. In za ka ba da amsa, ka yi magana a wayarsa, ya kawo mini in saurara. Shi ba ya karatun boko, don haka abin da na rubuta tsakaninmu ne.

Shi ya kawo mini bidiyon wasanka na watan jiya. Na kalle shi sau huɗu a rumfa, bayan azahar da ciniki ya lafa. A turmi na biyu hagunka ta sami mutumin a haɓa, ya zube. Sai ka ja da baya, ka ɗaga hannu, kamar kana fagen damben garin Kuyello kana jiran makaɗa su ɗauki takenka. Alƙali bai tsayar da wasa ba. Mutumin ya farfaɗo, ya kwashe ƙafafunka, ya shaƙe ka har ka sallama. Na duba littafin da nake rubuta abin da ya faru kullum, na ga karo na uku ke nan a jere da ka sha kaye, kuma duk ta hanya ɗaya.

Har yau wannan damben naku na keji bai zauna mini a kai ba. A wanda muka gada wurin Baba, da zarar gwiwa ko tafin hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. Ku kuwa an haɗa dambe da kokawa, a bi mutum har ƙasa a yi ta duka sai alƙali ya shiga tsakani. Amma ban ce komai ba, sana'arka ce, shekara shida kana cin abinci da ita.

Akwai saƙon kocinka a wayar Nababa, da irin Hausarsa ta bariki. Ya ce kamfanin da kake wa wasa sun ba ka dama ɗaya ta ƙarshe, ranar 13 ga Nuwamba, da wani yaron Jos mai suna Enoch. In ka sha kaye sun sallame ka, kuma mai shekara talatin da uku babu wanda zai sake ɗauka. Ya ce ya yi faɗa, ya yi lallashi, kai kuwa amsarka ɗaya: Baba ya bar maka wasiyya kada ka bugi wanda ya faɗi, kuma yayanka Muttaka ne ya ji da kunnensa. Shi ne yake roƙona, a matsayina na babba, in kwance ka daga wannan wasiyya.

Na saurari saƙon sau biyu, na mayar wa Nababa wayarsa, na koma kan tebur na yanka wa wata mata tsoka alhali haƙarƙari ta ce. Ka ba ni lokaci. Akwai abin da nake juyawa a raina, ban san ta inda zan fara ba.

Allah ya tsare, ya ba da sa'a.

Yayanka,
Muttaka

Alhamis 21 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Sadisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta koci. Gida lafiya. Ƙaramar 'yarka ta fara tafiya, taku huɗu ta yi jiya daga turmi zuwa bakin ɗakin Inna.

Na ji muryarka. Ka ce kada in kula koci, gara ka tattaro ka dawo gida ka riƙe wuƙa a rumfa da ka taka maganar Baba. Na gode da wannan biyayya, amma bari in gaya maka abin da za ka tarar. A da, sa huɗu muke yankawa ran kasuwa, yanzu ɗaya ne, shi ma sai mahauta uku sun haɗu a kansa. Makiyayan da muke saye wurinsu yawanci sun tashi. Masararmu ta Kuyello ta bushe a tsaye, ba wanda ya yarda ya bi ni mu karyo. Wuƙa ɗaya ma ta yi wa rumfar nan yawa. Wannan ban da shekarun da ka kashe kana koyon kokawar da ba a san gidanmu da ita ba, da kunnenka da ya lanƙwashe, da haƙoranka biyu.

Takarda uku na yaga kafin wannan.

Ka tuna damben da aka yi a garin Randagi, bayan kaka, shekara goma sha huɗu da suka wuce? Kana ɗan shekara goma sha tara, ana fara kiranka Bahagon Kuyello. Ka yi kisa a kan abokin karawarka Jumare tun turmin farko, ya faɗi rigingine, makaɗa sun ɗauka. Sai ka durƙusa a kansa ka ci gaba, da hannun nan ɗaure da kara, igiyar nan ta dambe. Mu huɗu muka ɓamɓare ka. Ina riƙe da ƙugunka ina kiran sunanka, ka juyo ka dube ni, wallahi ba ka gane ni ba. Da muka hau babur za mu dawo, ka tambaye ni me ya sa mutane suka watse. Jumare yana zuwa kasuwa har yanzu. Shekaranjiya ya sayi hanta a wurina. Sai ka tsaya ta damansa yake ji, bakinsa kuma bai koma daidai ba.

Lokacin Baba yana kwance, mun ɓoye masa. Bai taɓa jin labarin Randagi ba har ya rasu. Ranar da ya cika kana wurin dambe a Funtuwa, ka iso bayan an dawo daga maƙabarta. Ka same ni a zaure ka tambaye ni ko ya bar maka magana.

Sadisu, Baba bai bar wannan wasiyya ba. Ni na ƙirƙire ta, a tsaye, a zauren nan. Na san maganata ba za ta riƙe ka ba, ta Inna ma ba za ta riƙe ka ba, sai tasa. Na ji tsoron wata rana za ka kashe ɗan wani. Na yi wa mamaci ƙarya, na sa a bakinsa abin da bai faɗa ba, kuma na ji daɗi da na ga ta yi aiki. Da ka koma keji na yi niyyar faɗa maka. Sai ka yi ta cin wasanninka a tsaye da hagu ɗaya, na ce to ba ta hana ka komai ba. Yanzu abokan karawarka sun gane ka. Sun san in suka faɗi za ka ba su sarari su huta.

Ba zan iya kwance ka da sunan Baba ba, don ba shi ya ɗaure ka ba. Ban san ko daidai na yi a wancan lokacin ba, ban kuma san ko daidai nake yi yanzu ba. Ka yafe mini in za ka iya.

Yayanka,
Muttaka

Laraba 3 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Sadisu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, horo yana tafiya daidai. Inna da Karima suna gaishe ka. Karima ta ce in tambaya ko kana samun zuma da dabino a can, ko a ba Nababa ya aika da motar Legas.

Nababa ya je Kaduna sau biyu ya dawo, babu saƙonka. Ya ce alamar ta nuna ka buɗe takardar tun ranar da ya tura. Ban ga laifinka ba. Na rubuta ne don kada shiru ya yi yawa tsakaninmu ga wasa yana matsowa.

Na gaya wa Inna. Na zaci za ta yi kuka ko ta tsine mini. Tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ai tana bayan ƙyauren zaure ranar, ta ji duk abin da na gaya maka, kuma ita ce a gefen Baba tun safe har ya cika, ta san me ya faɗa da abin da bai faɗa ba. Ta ce ranar ta sa mini albarka a zuciyarta. Da na ce na riga na rubuta maka gaskiya, sai ta ajiye faifan ta ce, "Muttaka, wa ya aike ka?"

Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na zauna na jera abin a takarda, yadda na saba. A gefe ɗaya na rubuta cewa Enoch ya san dokar wasan kafin ya shiga, akwai alƙali, akwai likita, safar hannunku ba kara ba ce, kai kuma ba yaron Randagi ba ne, uban yara uku ne. A ɗaya gefen layi ɗaya na iya rubutawa, cewa ranar nan ba ka gane ni ba. Na daɗe ina duban takardar. Ban ce ka buga ba, ban ce kada ka buga ba. Wataƙila wannan ma ragwanci ne irin nawa, in tura maka kaya in koma gefe.

Abu ɗaya nake roƙo. In alƙali ya taɓa ka, ka tsaya. Ka gaya wa koci labarin Randagi, ya tsaya kusa da keji inda za ka ji muryarsa.

Allah ya fitar da ku lafiya, kai da shi.

Yayanka,
Muttaka

Litinin 22 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Sadisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiya. Yaya hannun? Na ga an naɗe shi da ƙanƙara. Mutanen gida lafiya.

Nababa ya iso ran Asabar da bidiyon. Tun daga tasha yake yi mini barka, mahauta suka taru a rumfa kowa yana leƙa wayar. Na bari suka gama murnarsu suka watse, sannan na koma bayan mayanka na kalla ni kaɗai.

A turmi na farko Enoch ya faɗi. Na ga ka ja da baya taku ɗaya, hannunka har ya fara tashi. Sai ka tsaya. Ban san me ya zo maka a rai ba a wannan ɗan tsakanin. Sannan ka bi shi. Na ƙirga naushi goma sha ɗaya. Bakwai na farko yana kare fuskarsa. Huɗun ƙarshe hannuwansa suna shimfiɗe a ƙasa, biyu daga ciki kuma alƙali ya riga ya rungume ka ta baya. Na mayar da wurin baya sau da yawa ina neman fuskarka, amma mai ɗaukar hoton yana bayanka.

Koci ya aiko da godiya. Ya ce kamfani sun ba ka wasa uku nan gaba, har da ɗaya a ƙasar waje, kuma duk abin da na rubuta maka Allah ya saka mini. Da Nababa ya tambaye shi lafiyar Enoch, ya ce yana asibiti, an ɗaure masa muƙamuƙi, idon dama ne ba a tabbatar ba tukuna. Ya ce haka wasan yake. Ƙila haka yake. Ban iya cin abinci ba ranar, ban kuma iya cewa na yi baƙin cikin nasararka ba.

Saƙonka na saurara daga ƙarshe. Daƙiƙa shida ne, babu sallama, babu Yaya. Ka ce, "To me Baba ya ce?"

Na ɗauko littafin shekarar daga ƙasan akwati. Ga shi yadda na rubuta a ranar, ban ƙara ba, ban rage ba:

Baba ya sha koko cokali uku. Ya tambaya ko Bahago ya dawo, na ce tukuna. Bayan azahar ya sake tambaya. Na ce ko in aika a kira shi, ya ce a'a, a bar shi ya gama wasansa. Ya tambaya ko an zuba wa fatu gishiri. Ya cika bayan la'asar.

Shi ke nan abin da ke shafin. In kana so in yago shi in aiko maka, ka faɗa wa Nababa. In ba ka son jin muryata ko ganin rubutuna, shi ma ka faɗa masa, ba zan matsa ba. Wasa uku na gabanka, ni kuma ba ni da wata magana da ta rage wadda za ta riƙe ka. Ban sani ba ko kana buƙatar a riƙe ka.

Allah ya ba Enoch lafiya. Allah ya tsare ka, ya tsare mutane daga hannunka. Ina gaishe ka ƙwarai.

Yayanka,
Muttaka

Na gobe, in Allah ya kai mu:

1. Kai fatu biyu wurin majemi, tun Juma'a suke jira.
2. Gyaran ƙugiyar rumfa.
3. Tambayar Nababa ranar da ayari zai fita, da ko koci zai iya samo lambar wani daga gidan su Enoch. Ban san me zan ce musu ba.
4. Neman wanda zai raka ni Kuyello ko buhu biyu mu karyo.
5. Gaya wa Inna ka ci wasa. Za ta tambaya ta yaya. Tun Asabar nake ce mata Nababa bai dawo ba.