Kakanni Biyu, Kwanon Tiraifil Ɗaya

Barnsley, Afrilu 1986

Zuwa ga 'yata Lorna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mijinki Neil da jikata Gemma kuna lafiya. Ni ma lafiya lau, in ban da wandona na zuwa coci, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata.

Ga yadda aka yi. Tun da kika ce mini a waya wai surukinki Gerald ne zai yi wa Gemma tiraifil, abin zaƙin nan mai hawa-hawa, na bikin cikarta shekara shida, na ce bari in ga abin da likitan haƙori zai iya wanda tsohon direban bas ba zai iya ba. Na sauko da kwanon gilashin marigayiya uwarki Doreen daga saman kabad. Na jera yankan kek a ƙasa, na zuba jan jeli. Don kada a ce mutanen Barnsley ba su san kayan manya ba, na ƙi taɓa gwangwani, na sayo ɗanyar abarba sukutum, mai tsayayyen gashi kamar samarin yanzu, na yayyanka a ciki. Ya kwana a firij, ya wuni, jeli ya ƙi kamawa. Na ce ko kunya yake ji, na ɗora masa kastad da kirim a haka, na ɗauka zan kai wa maƙwabciyata Misis Sugden ta ɗanɗana. A bakin ƙofarta ya bar kwano ya dawo jikina.

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce shekara arba'in ina lashe cokalin Doreen amma ban taɓa lura ba a sa ɗanyar abarba a jeli ba, ruwanta ne ke hana shi daskarewa. Ta gwangwani ake sawa. Kwanon bai fashe ba, kada ki damu.

Ba wai ina da wata magana ba ne. Gerald mutumin kirki ne, yana da mota mai kujerun fata da lambun da sai an tsaya hutawa a tsakiyarsa. Shi ya saya wa Gemma keke, ni na saya mata ƙararrawar keken. Amma tiraifil na gidanmu ne, Lorna. Su Gerald can Harrogate ko jeli ba sa sawa, wai na talakawa ne, sai su jiƙa kek da giya su ce sun yi.

Ki ce wa Gemma kakanta na asali yana gaishe ta.

Babanki,
Wilf

Leeds, Afrilu 1986

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta wa Neil labarin wando, sai da shayi ya sarƙe shi.

Ba wanda ya ƙwace maka komai. Gemma ce ta ce tana son tiraifil irin na Kaka Doreen, mai jan jeli, Baba Gerald kuma yana wurin, ya ce zai gwada. Yana da mota da babban firij. Kai kam bas biyu za ka hau da kwano a cinya, ka kuwa ga abin da ya faru tsakanin ƙofarka da ta Misis Sugden.

Maganar kaka na asali ban faɗa mata ba, ba kuma zan faɗa ba. Kakanni biyu gare ta. Baba Gerald zai rubuto maka, don bai taɓa yin mai jeli ba. Ka taimake shi, Baba, ka rage tsokana. Na sa maka safa a cikin ambulan.

'Yarka,
Lorna

Harrogate, Mayu 1986

Zuwa ga Mista Barraclough,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Na yi wa jikarmu alkawarin abin da ban iya ba. A gidanmu ba mu saba da jeli ba, matata Audrey ma ta ce ba ruwanta. Gemma kuwa ba ta yarda da wani tiraifil sai irin na marigayiya Misis Barraclough. Ba wanda ya san hannunta kamarka. In ba zan takura maka ba, ina roƙon ka rubuto mini yadda take yi, ka kuma ara mini kwanonta, domin yarinyar ta ce sai a cikinsa. Zan kula da shi kamar idona.

Naka cikin girmamawa,
Gerald Pemberton

Barnsley, Mayu 1986

Likita,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta zo, har ƙamshi take yi, na rasa ko in karanta ko in shafa.

Ka yi haƙuri da rubutuna, na bar makaranta ina ɗan shekara sha huɗu, ita ma ba ta yi kewata ba. Abin ba wuya. Kek a ƙasa, wanda ya kwana biyu ya fi. Jan jeli a kai, da 'ya'yan itace. A bar shi ya kama. Sai kastad, amma ka bari ya huce. Kirim a sama, ka barbaɗa 'yan alawoyin nan masu launi dab da za a ci, in ka sa da wuri sai su zuba kamar kwalliyar mai kuka.

Maganar 'ya'yan itace, mu nan gwangwani muke buɗewa don abin da aljihu ya iya ke nan. Mutum irinka ai bai kamata a gan shi da mabuɗin gwangwani ba. Ka nemi ɗanyar abarba, wadda ta fi tsada, ka zuba da yawa a cikin jelin. Kada ka wahalar da kanka da gwaji, abin yara ne.

Neil zai biyo ya karɓi kwanon.

Naka,
Wilf Barraclough

Barnsley, Mayu 1986

Lorna 'yata,

Ina gaisuwa. Na iso gida lafiya daga bikin Gemma, na gode da ragowar sanwic.

Kai, na ji wa Gerald. Har yanzu ina ganinsa ya fito daga kicin ɗinki da kwanon uwarki a hannu, yana tafiya a hankali kamar limamin coci, yara na tafi. Daga sama kam ba laifi, kirim ya tsaya. Da ya sa cokali sai komai ya nutse, kek ya taso yana iyo. Wani yaro mai jan gashi ya tambaya ko miya ce, wata ta ce a ba ta tsinken shan lemo. Audrey ta kalli rufi kamar ba ta taɓa ganin mijinta ba.

Da Gemma ta fashe da kuka ai kin ga wanda ya tashi. Na cire haƙoran robana na sa su suna yi wa yara magana daga cikin hula, nan da nan gida ya kaure da dariya. Shekara talatin Gerald yana aikin haƙori, bai taɓa sa yaro dariya da shi ba. Ta zo ta hau cinyata, ta share majina da rigata, ta ce, "Baɗi kai za ka yi mini, Kaka Wilf. Kaka Gerald bai iya ba."

Na ce mata kul, ba a faɗin haka. Amma ban faɗa da ƙarfi ba.

Babanki,
Wilf

Leeds, Mayu 1986

Baba,

Gaisuwa.

Ni na wanke kwanon bayan kun tafi, na ga abin da ke ƙasansa. Na tambayi Baba Gerald wa ya ce ya sa ɗanyar abarba, ya ce kai ne, amma wai laifin nasa ne, ƙila bai auna ruwa daidai ba. Har kasuwar Leeds ya zo yana zaɓen wadda ta fi kyau. Baba, kai da hannunka ka rubuta mini abin da Misis Sugden ta gaya maka. Ko ka ɗauka ba na karanta takardunka?

Ya ba ni haƙuri wai ya ɓata girkin Mama a cikin kwanonta. Ya durƙusa ya ce wa Gemma kakanta Wilf ya koya masa daidai, shi ne tsufa ya hana shi iyawa. Ranar Lahadi ya zo ɗaukarta ganin agwagi kamar kullum, ta ɓuya a bayan kujera. Ya daɗe a mota kafin ya tayar.

Ban gaya wa Neil ba. Ba ni zan gaya wa Baba Gerald ba, kai za ka faɗa masa, sannan ka faɗa wa Gemma da bakinka. Kafin nan kada ka sayi tikitin bas zuwa gidana. Ita aka yi wa biki, Baba, ita ce ta yi kuka.

Lorna

Barnsley, Yuni 1986

Gerald,

Gaisuwa. Ina so in zo Harrogate ranar Asabar, in kana gida. Akwai maganar da ta fi ƙarfin rubutuna. Kada Audrey ta fito da kofunan baƙi, ba lalle ne in kai ga shayi ba. Abin cire haƙori kuma, in akwai saura a gidan, ka sa shi nesa da hannunka.

In ka ji abin da zan faɗa ba ka kore ni ba, ina roƙon ka kai ni Leeds a motarka, ka zauna kusa. Kai babba ne, na san yadda zan fara da kai. Mai shekara shida ce ban san ta inda zan ɓullo mata ba. In na gama ta sauka daga cinyata ta hau taka, zan yi ƙoƙari in kalli bango. Ban yi alkawarin zan ji daɗi ba.

Wilf