Zauren da Baba Ya Gina

Mu'aither, Qatar, daren Alhamis, Satumba 2006

Yau Yaya Sale ya bugo waya daga gida. Wai za a rushe zauren ƙasar da marigayi Baba ya gina, a yi shagunan bulo, amincewata kawai ake jira. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ban yarda ba."

"Kana Doha cikin benaye, tsohon zaure kake wa kuka?" in ji shi.

Na ba shi labarin rakiyar da na yi wa iyalin kafil ɗina, wato ubangidana a nan, zuwa Ingila wancan watan. Mun je wata tsohuwar fadar sarakunansu ta dutse, rabinta ko rufi babu. Amma Turawa sun yi layi cikin ruwan sama don su shiga, wata tsohuwa har shafa bangon take yi. Namu kuwa rufinsa lafiya lau, shatin yatsun Baba na nan a jikin yaɓe.

Ya ce, "To, sannu Bature."

Ya kira ni duk abin da ya ga dama. In na samu hutu, ni zan kwaɓa ƙasar yaɓen bana. Mai son rushewa ya zo ya same ni a ciki.