Na Kai Ruwan Teku Baki

Kawu Ɗanjuma,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafarka, yaya Inna? Ni lafiya lau, iƙamata, takardar izinin zama, ce kawai ta ƙare, kada ka faɗa mata.

Ranar Juma'a na saci jiki na je bakin teku. Ga ƙaguwa bisa duwatsu, ga kifaye kala-kala, ni da na tashi cikin kwalekwalenka ban san sunan ko ɗaya ba. Na durƙusa na kamfaci ruwa na sha da bisimilla, yadda ka koya mini kafin mu shiga kogi. Gishiri zalla, Kawu.

Alhaji Kassimu zai kawo muku zamzam. In zai dawo, ka ciko masa 'yar kwalba da ruwan Yawuri.

Ɗanka Zaharadden,
Hindawiyya, Jidda