Rasuwar Baba Fil-a-Baki, da Batun Bencin Ƙofar Shagonsa

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Telolin Layin Bayan Kasuwa ta samu labarin rasuwar ubanta, mai girma Dattijon Coci, Uban Ƙungiya kuma Shugaban Kwamitin Sulhu, wanda yaro da babba suka sani da Baba Fil-a-Baki, bayan jinyar da ko maƙwabcin shagonsa bai ji ta daga bakinsa ba.

Tela kan san abin da dangi ba su sani ba, domin tef ba ya ƙarya: shi ke fara ganin cikin da ba a bayyana ba, da ramar mai gidan da kasuwa ta juya wa baya. Marigayin ya auna rabin garin nan, amma ko sau ɗaya awon wani bai fito daga bakinsa ba. Da zarar an ɗauko zancen mutum a bencin ƙofar shagonsa, sai ya ɗebi fil ya jera a leɓe, ya duƙufa kan keke. Mun sha ɓoye gwangwanin fil ɗin don mu ji ta bakinsa, sai ya ciji zare.

Yakan ce a cocinsu an hore su da yi wa harshe linzami. Mu ma haka malamanmu na allo suka koya mana, sai dai shi ya riƙe nasa karatun, mu kuwa muka baro namu a zaure. Kaico, muna ta dariyar dattijo, ashe darasi yake ba mu kyauta.

Ga Mama, uwarmu, da Yaya Babba, 'yarsa da ta gaji keken, muna roƙon Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Mun lura tun ranar jana'iza matan da Baba ke yi wa ɗinki suna zuwa da yadinsu, su hango mu a benci, su juya, alhali da wannan shago gidan ke ci. Saboda haka ƙungiya ta ɗauke bencin daga yau, ta kuma ajiye gwangwanin fil a gurbinsa. Duk wanda labari ya ciyo shi, ya ɗiba ya jera a leɓe. Mai sa hannun nan ne ya fara.

Sa hannu:
Autan Teloli,
Kakakin Ƙungiya.