Bututun Bayan Katanga

Litinin, 10 ga Fabrairu, 1986

Yau na kama aiki a sashen kula da muhalli. Ɗaki ɗaya, tebur biyu, fanka mai kuka. Ni ce lauya ta farko da aka taɓa turowa nan. Darakta ya ce, "Malama Sauda, dokar ma ba mu da ita tukuna, sai ki nemo mana." Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ɗaya teburin na Malam Gwadabe ne, tsohon duba-gari, shekara ashirin da shida yana leƙa kwatocin Kano. Da na gaishe su, ƙafata suka kalla, suka ce in nemi takalmin roba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Mun je Challawa. Manoman rani ne suka kawo ƙara a kan wata majema da ke bakin kogi. Wani mai lambu, Lawan, ya naɗe wandonsa ya nuna mini ƙwaurinsa, duk ya saɓe kamar an zuba masa ruwan zafi. Latas ɗinsa ya ƙone tun daga saiwa. Ruwan da ke gangarowa kogin shuɗi ne mai duhu, da gashin awaki a kai, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na zaga bayan mota na yi amai. Ina jin ba wanda ya gani.

Manajan ya karɓe mu da lemo. Ya nuna mana tankunan tace ruwa guda uku, fes da su, ya ce duk ruwansu ta nan yake bi. A mota Malam Gwadabe suka ce, "Tankin da ke aiki ba ya yin tsafta haka."

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na samo! Kwana huɗu ina laburaren kotu ina shaƙar ƙurar littattafai. Tsohuwar dokar lafiyar jama'a ce tun zamanin Turawa, sashe ɗaya, layi biyar, a kan ɓata ruwan da mutane ke amfani da shi. Don masu zuba mushe a rijiya aka yi ta. To, ai ba ta ce ban da kamfani ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Wani mutum ya zo ofis da safe, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ishaya, mutumin kudancin Kaduna, shekara goma sha ɗaya yana aiki a majemar. Ya ce akwai bututu na biyu da aka binne, ya bi ta ƙarƙashin katangar baya ya faɗa kogi. Shi ne mai buɗe shi duk asuba.

Na tambaye shi me ya sa ya zo. Ya ce matarsa Hannatu a lambunan nan take sarin tumatir da alayyafo. "Madam, abin da na saki da safe, shi muke ci da yamma."

Nan take na rubuta bayanin. Shaida irin wannan ba kullum ake samu ba.

Litinin, 3 ga Maris

Mun yi saɓani da Malam Gwadabe. Sun ce kada in sa Ishaya a akwatin shaida. A ɗebi ruwa a kwalabe kullum, a kai jami'a a auna, cikin wata biyu sakamako zai yi magana da kansa. Na ce kafin wata biyu lambunan sun mutu. Gaskiya na faɗa. Amma kuma ina son in tsaya gaban alƙali da mutumin da ya gani da idonsa, wannan ban faɗa ba.

Suka ce, "Ke ce lauya." Suka ci gaba da cin goronsu.

Na gaya wa Ishaya kada ya ji komai, doka tana bayansa.

Talata, 11 ga Maris

An kai sammaci. Masu majemar sun ɗauko lauya daga Legas, mai furfura.

Laraba, 19 ga Maris

Ranar da ba zan manta ba. Bari in rubuta tun ban huce ba.

Kotun majistare ta cika, manoma har waje, wasu a kan tagogi. Lauyan majemar ya tashi ya kira ni "ƙanwata mai koyon aiki," ya ce dokar da na kawo ta girmi mahaifina. Na ce, ya Mai Shari'a, kogin ma ya girme ta, kuma har yau ana shan sa. Sai da akawu ya tsawatar aka daina dariya.

Ishaya ya rantse da Littafi Mai Tsarki. Muryarsa ƙasa-ƙasa, amma bai canza ko kalma ba. Awa guda lauyan yana juya shi. Har ya ce masa ƙila haushin rashin ƙarin girma ne. Ishaya ya ce, "A ba ni diga, in nuna wurin."

Kuma alƙali ya yarda! Muka ɗunguma Challawa da la'asar, alƙali da rigarsa, ni da takalmin roba. Ishaya ya ƙirga taku tara daga kusurwar katanga, ya fara sara. Bai kai zurfin gwiwa ba diga ta buga ƙarfe. Manajan ya juya yana kallon sama. Lawan ya yi kabbara, sauran suka amsa.

Ni na yi wannan. Shekarata ashirin da bakwai.

Talata, 25 ga Maris

Hukunci: a toshe bututun cikin kwana goma sha huɗu, a tada tankunan, duba-gari ya riƙa shiga ba tare da sanarwa ba. An faɗa a rediyo. Baba sun ji a masallaci kafin in dawo. Ba su ce mini komai ba, sai na ji suna gaya wa maƙwabcinmu Alhaji Idi, "Ai tawa ce." Sau biyu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An toshe bututun da kankare. Malam Gwadabe sun sa hannu, na sa.

Litinin, 14 ga Afrilu

An sallami Ishaya. Takardar ta ce rage ma'aikata ne. Shi kaɗai aka rage.

Na koma laburare, na duba har aka tashi. Babu layi ɗaya da ya hana a kore shi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na je gidansu. Ɗaki biyu a gidan haya, yara huɗu. Ishaya ya fita neman aiki Bompai. Majemu uku ya je makon nan, duk sun san sunansa kafin ya faɗa.

Hannatu ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na fara bayanin wasiƙar da zan rubuta wa ofishin ƙwadago, ta bar ni har na gama. Sai ta ce, "Ba mu yi da-na-sani ba, Madam. Ko yau aka sake, zan ce ya je. Amma kin ce doka tana bayanmu. Mun waiwaya, ba mu gan ta ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Lawan ya zo ofis, ƙwaurinsa ya fara kamewa. Ya ce jiya sun ga tarwaɗa a kogin, ƙasan lambu, rabonsu da ganin ta shekara huɗu. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ba zan ji kunyar jin daɗin ba. Aikin nan ya yi kyau.

Malam Gwadabe sun yi wa Ishaya magana a wata masaka a Sharaɗa, wajen wani tsohon abokinsu. An ce sai bayan Sallah. Ba su ce mini "na gaya miki" ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Sabon fayil: wata masaka daban, ruwan rini ja a kwatar unguwa. Darakta ya ce a yi irin na Challawa, da zafi-zafi.

Da azahar wata mata ta zo, Asabe, a sashen rini take. Ta ji labarina a rediyo, ta ce ta san inda ake zubarwa, kuma za ta faɗa ko gaban waye. Da shaidarta sati uku ya ishe ni.

Na tambaye ta 'ya'yanta nawa. Biyar, mijin ya rasu. Ban rubuta sunanta a fayil ba. Na ce ta koma bakin aikinta, kada ta ce ta zo nan.

Ba wani abu ba ne, sakamakon awo ya fi ƙarfi a kotu, kowane lauya ya san haka. Na gaya wa Darakta sai nan da wata biyu, ya ɓata rai.

Gobe ƙarfe shida Malam Gwadabe za su biyo mini, mu je ɗibar ruwan kwatar. Ni zan riƙe kwalaben.