Alkamar Baba Ummaru da Darasin Shirin Kama Aiki

Zuwa ga Shugaban kwalejin da ta yaye ni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malamanmu, Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, ni tsohon ɗalibinka ne, ɗan Maradun, yanzu malamin ban-ruwa a gonakin noman rani na ƙasar Bakura. Kukana a kan darasin shirin kama aiki ne, wanda kuke ba 'yan ajin ƙarshe. Na ci shi da yabo, ga kuma abin da ya haifar.

Na ɗaya. Wata uku muka yi ana koya mana rubuta takardar neman aiki, da ɗaura laktaye, da zama a gaban masu ɗaukar aiki ba tare da karkaɗa ƙafa ba. Ban raina ba, da su na samu aikin. Amma ba a taɓa gaya mana abin da za mu yi washegarin samunsa ba.

Na biyu. An nanata mana cewa ma'aikacin kirki ba ya ɓata lokaci. Da aka ce in raba wa ƙauyuka ranakun buɗe ruwa daga madatsar Bakolori, a ofis na zauna na tsara, wani ƙauye ya faɗo a Talata, ranar da kowa ke tafiya kasuwar Mafara. Na je ƙofar mai gari, na karanta takardata a tsaye, ko takalmi ban cire ba. Dattawa suka yi mani fatan alheri, na hau babur. Na san sarai dattijo ba ya gyara wa baƙon hukuma magana a bainar jama'a, sai baƙon ya zauna ya sha ruwa, taro ya watse. Tun ina yaro na san haka. A ajinku na koyi ganin wannan zaman a matsayin lalaci.

Na uku. Ranar kasuwa, masu 'ya'ya sun bar su a gona su tari ruwa. Wani dattijo a ƙauyen, Baba Ummaru, ba shi da kowa a gida. Fadamarsa ta gado tana ƙarƙashin ruwan madatsa, 'ya'yansa sun watse neman abinci, igiyar da yake tufkawa ya kai kasuwa ita ce tuwon gidansa na mako. Talata uku ruwa yana wucewa ta bakin 'yar gonar da ta rage masa ba mai juya shi, daidai lokacin da alkama ke fitar da kai. Ta bushe a tsaye.

Da na je ba shi haƙuri, ya shimfiɗa mani tabarma, ya tambayi ɗan wane ne ni. Ashe ya san mahaifina a kasuwar shanu. Ya ce shi bai ga laifina ba, tunda an ce karatu na yi. Wallahi, da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi.

Laifina na ɗauka, ranka ya daɗe, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saboda haka ina roƙo a tura kowane ɗalibi ya yi ko da mako biyu a ƙauye kafin a ba shi takarda. A kuma riƙa gayyato manoma ajin su yi magana, ɗalibai su yi shiru.

Na gyara ranar ruwan tuni. Bana ma na kai wa Baba Ummaru iri da hannuna, ya yi godiya, ya sa mani albarka, ya mayar mani da shi. Ya ce ƙarfinsa bai kai ya sake gwada alkama ba. Kullum sai na buɗe ruwa ya wuce ta gefen gonar, ba komai a cikinta.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ɗaliban da za ka yaye bana su fi ni sa'a.

Wassalam.

Tsohon ɗalibinka,
daga Bakura.