Kwamfutar Tukur Ta Daina Suma

Hadejia, Fabrairu 1998

Yaya Istifanus,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Rifkatu da yara. Ya Zariya, ya ɗalibai? Na fita takabar Tukur, na koma ofishin aikin fadama ina buga takardu kamar da, sai dai teburin abokinka babu kowa.

Ka san kwalekwalen da ya kife da Tukur a hanyar Auyo har da littattafan awonsa ya tafi. Abin da ya rage na shekarun da ya yi yana auna hanyoyin ruwa yana cikin kwamfutar nan da ka saka masa manhajarka ta kyauta. Rannan aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. Tun daga nan, da na taɓa wurin da ya tara fayilolinsa sai ta suma. Allo ya cika da lambobi, sai an kashe ta daga bango. Kwafi ma ta ƙi yarda.

Kafin damina kwamiti zai zauna ya zaɓi hanyar ruwa ɗaya da za a yashe. Ciyawar kachala ta toshe ta garinmu, gonar shinkafar mahaifina Baffa Bakari ta zama fako. Awon Tukur ne kaɗai zai nuna tamu ta fi cancanta. Baffa ya ce in ba a buɗe ta bana ba, zai kwashe gida da shanu ya yi kudu, kuma ka san ba ya magana biyu.

Kai ka ɗaura auren Tukur da wannan na'ura, sai ka zo biko. Ina cikin damuwa ƙwarai.

Ƙanwarka,
Zaituna

Zariya, Maris 1998

Matarmu Zaituna,

Na amsa gaisuwa, Rifkatu tana yi miki sannu. Allah ya jiƙan Tukur, ya ba mu haƙuri. Jarrabawa ta ɗaure ni, amma kwantar da hankalinki, abin bai kai na kuka ba.

Na'urar lafiyarta ƙalau. Zuciyar manhajar ce, wadda ake kira kanel, ta tarar ɗaukewar wuta ta hargitsa jerin fayiloli a faifai, maimakon ta kauce sai ta faɗi. Masu rubuta ta suna warwatse a duniya, ba mai biyansu, amma in an kai ƙara da hujja sukan gyara. Na aika imel, kuma wani bawan Allah a Turai ya amsa mini da kansa! Yana son lambobin da ke fitowa a allo.

Saboda haka ki sa ta suma da gangan, ki kwafe komai da biro, ko harafi ɗaya kada ya kuɓuce. Ki gwada ta wajen buɗewa, da kwafi, da canza suna. Ki ci gaba kullum har sai na ce ya isa. Ki riƙa ba Ɗahiru direba takardun a tasha, shi ya san inda zai same ni.

A gaida Baffa, a ce masa mai haƙuri yakan dafa dutse.

Yayanki,
Istifanus

Hadejia, Afrilu 1998

Yaya Istifanus,

Bayan gaisuwa, ga wasu takardun. Na zama ungozomar suma, kullum ni ce a kanta da biro, har 'yan ofis sun fara cewa sai an kira mai ruƙiyya.

Akwai abin da ke hana ni sukuni. Duk lokacin da ta farfaɗo, sai ta daɗe tana binciken kanta, tana jero tambayoyi da Turanci, ni kuma ina danna maɓallin "na yarda", kamar yadda na ga Tukur yana yi. Kafin ta sake suma nakan hango sunayen fayilolin, kuma raguwa suke yi. Na Birniwa ya ɓace, na Baturiya ma ban ƙara ganinsa ba. Na garinmu yana nan tukuna. Gyaran zai dawo da su, ko? Ban tsaya ba tunda ba ka ce in tsaya ba.

Jiya Baffa ya zo kasuwa ya biyo ta ofis. Ya ƙi shigowa, ya tsaya a ƙofa da sandarsa ya ce, "'Yar nan, injin ya yi magana kuwa? In ba zai yi ba ki faɗa mini, kada damina ta same ni da ƙafa ɗaya a gida, ɗaya a hanya." Na ce masa ya kusa. Allah ya sa ba ƙarya na yi wa ubana ba.

Ka amsa mini tambayata, don Allah. A gaida mutan gida.

Zaituna

Zariya, Mayu 1998

Zaituna,

Ina gaisuwa. Albishirinki! Mutumin ya gano ɓarakar, layi kaɗan ne aka manta a duba. Ya ce lambobinki ne suka nuna masa hanya, har ya sa sunanki a bayanin gyaran, duk wanda ya ɗauki sabon kanel a duniya zai gani. Ga shi a ƙaramin faifai, da bayanin yadda za ki saka.

Na riga na liƙe ambulan sai Rifkatu ta tsinci wasiƙarki ta Afrilu a aljihuna. Takardun lambobin kawai na zare ranar, na ruga ɗakin kwamfuta. Yanzu na karanta.

Ƙanwata, kada ki ƙara taɓa wurin fayilolin sai kin saka gyaran, kada kuma ki ƙara danna na yarda. Kowace suma tana ƙara ɓarna, binciken nan kuma yana zubar da abin da ya kasa ganewa. Gyaran yana hana suma ne kawai, ba ya dawo da abin da ya tafi. Da na sani, da tun farko na ce a cire babban faifan kwamfutar a kawo mini. Ban san da wace fuska zan dube ki ba.

Allah ya sa na garinku yana nan.

Istifanus

Hadejia, Yuni 1998

Yaya Istifanus,

Ina gaisuwa. Motar Ɗahiru ta lalace a hanya, wasiƙarka ta daɗe kafin ta iso. Ni kuwa ina ta aikin da ka sa ni.

Na saka gyaran yadda ka rubuta. Na taɓa wurin, ya buɗe nan take, ko gezau ba ta yi ba. Babu komai a ciki.

Kwamiti ya zaɓi wata hanyar. Baffa ya tashi ranar Lahadi, har ƙyauren ɗakinsa ya cire ya ɗora a bayan bijimi.

Ka gode mini wa mutumin Turai. Ka ce masa ta warke.

A gaida Rifkatu da yara. Ka huta lafiya.

Zaituna